Sharhi: Wa ya aiko wannan imel ɗin? Tambayar da ke cinye biliyoyi

A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin manyan injinan Caterpillar daga Birtaniya, ya samu wani saƙon imel da ya yi kama da na Microsoft. Ya latsa, ya rubuta kalmar sirrinsa, shi ke nan 'yan damfara suka shige akwatin imel ɗinsa. Daga cikin akwatin suka riƙa aika wa sashen kuɗi umarnin biya tare da takardun bogi. Ma'aikata suka biya, domin saƙon daga adireshin maigidansu na gaskiya ya fito. Kafin a farga, kusan dala miliyan 11 sun salwanta. A Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta yanke wa ɗan Najeriya Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi, ɗaurin shekara 10 kan wannan damfara.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba 'yan Najeriya kaɗai ke wannan sana'a ba. Wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar burtu da sunan kamfanin Quanta na Taiwan, ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga Google da Facebook tsakanin 2013 da 2015, duk ta hanyar imel da takardun neman biya na ƙarya. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce a 2023 kaɗai ta karɓi koke fiye da 21,000 kan irin wannan damfara, kuma asarar ta haura dala biliyan 2.9.

Duk waɗannan asarori tambaya ɗaya ce ta haife su, wadda aka kasa amsawa kafin kuɗi su fita: wa ya aiko wannan saƙon? Fasahar da ke amsa ta tana nan fiye da shekara 30, kyauta kuma. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka gwada ta sun watsar da ita, saboda gargaɗin da ba su fahimta ba, da saƙonnin da suka ƙi buɗuwa.

Matsayinmu shi ne, kusan duk matsalar da ake samu wajen kulle imel da sa masa hannu daga riƙon makulli take tasowa, kuma ana iya gane ta a gyara. Nauyin gyaran yana kan hukumomi da bankuna da kamfanoni. Bai kamata a bar shi a wuyan mai ƙaramar waya shi kaɗai ba.

Kwaɗo da hatimi

Ƙa'idar da ake aika imel da ita har gobe, wato SMTP, an rubuta ta ne a 1982, lokacin da masu amfani da intanet 'yan kaɗan ne kuma galibi sun san juna. Ba ta tanadi hanyar tabbatar da mai aikawa ba. Layin da ke nuna daga wa saƙo ya fito tamkar bayan ambulan ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama.

Maganin da masana suka kawo yana da sauƙin kwatance. Ka ƙaddara kana da kwaɗo dubu iri ɗaya, duk a buɗe, ka raba su ga jama'a. Duk mai son aiko maka da ajiya sai ya sa ta a akwati, ya danna kwaɗonka ya rufe. Mabuɗin kuwa ɗaya ne tak, yana aljihunka. Ko wanda ya rufe akwatin da hannunsa ba zai iya sake buɗe shi ba. Kwaɗon da ka raba shi ake kira makullin fili. Wanda ke aljihunka shi ne makullin sirri.

Sa hannu kuma juyin wannan ne. Manhaja takan taƙaita saƙonka gaba ɗaya zuwa wata lamba, wadda ke sauyawa ko da harafi ɗaya aka taɓa a cikinsa, sannan ta buga wa lambar hatimi da makullinka na sirri. Manhajar wanda ya karɓa sai ta gwada hatimin da makullinka na fili. Idan ya dace, abu biyu sun tabbata: mai riƙe da makullin sirrin ne ya aiko, kuma ba a sauya ko da waƙafi ba a hanya. Aikin da hatimin sarki ke yi a kan wasiƙa ke nan, sai dai wannan hatimin yana manne da abin da aka rubuta, ba ya ciruwa a liƙa shi a wata takarda.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu a ofisoshinmu. Hoton sa hannun da aka ɗauka da waya aka manna a ƙasan takarda ba shi ne sa hannun dijital ba. Wannan hoto ne kawai, yaron da ya iya kwamfuta zai kwafe shi cikin minti ɗaya.

Tsari biyu ne suka shahara. Na farko PGP, wanda Ba'amurke Phil Zimmermann ya fitar a 1991, inda kowa ke ƙera makullinsa da kansa, mutane kuma su riƙa tantance juna. Na biyu S/MIME, inda wata hukuma ko kamfani ke ba ka takardar shaida cewa makullin naka ne. Outlook da manhajar imel ta iPhone suna aiki da S/MIME. Thunderbird tana aiki da duka biyun a kwamfuta, a wayar Android kuma ana haɗa manhajoji irin su FairEmail da OpenKeychain don amfani da PGP. Tsarukan biyu ba sa jin yaren juna. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a tambaya idan abu ya cije: da wane tsari ka aiko, da wane nake karɓa?

Ko gwanaye sun sha tuntuɓe

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan fasaha tsoho ne kuma ya sha gwaji. Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa tushensa a 1976, sannan wasu masana uku a jami'ar MIT suka fito da tsarin RSA a 1977. Ƙarfinsa ya kai gwamnatin Amurka ta buɗe binciken laifi kan Zimmermann, tana ɗaukar manhajarsa a matsayin makamin da aka fitar waje ba da izini ba, har sai da ta janye a 1996.

Amfani da shi ne ya zama alaƙaƙai. A 1999 masu bincike biyu, Alma Whitten da Doug Tygar, sun zaunar da mutum 12 da suka iya imel, suka ba su minti 90 su kulle saƙo su sa masa hannu da PGP. Huɗu ne kacal suka yi daidai. Uku kuwa sun aika sirrin a buɗe.

A ƙarshen 2012, Edward Snowden ya nemi ɗan jarida Glenn Greenwald da ya sa PGP a kwamfutarsa domin ya aiko masa da bayanai, har ya haɗa masa bidiyon koyarwa. Greenwald ya ga abin da wahala ya share. Sai da Snowden ya bi ta hannun mai shirya fina-finai Laura Poitras, wadda ta iya, kafin labarin leƙen asirin Amurka ya fito a Yunin 2013. A 2017 kuma sashen tsaro na kamfanin Adobe ya wallafa makullinsa na sirri a shafinsa tare da na fili, bisa kuskure.

Idan har manyan 'yan jarida da injiniyoyin tsaro suna tuntuɓe, babu dalilin da akawun wani kamfani a Kano ko Kaduna zai ɗauka shi ne bai da kai. Abin da yake buƙata shi ne ya san ma'anar kowane gargaɗi.

Idan saƙo ya ƙi buɗuwa

Wannan shi ne koken da aka fi yi. Saƙo ya iso, amma sai tarin haruffa marasa ma'ana, ko manhaja ta ce ba ta ga makullin sirri ba. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: an rufe akwatin da kwaɗon da mabuɗinsa ba ya cikin na'urar da kake riƙe da ita.

Yakan faru idan mutum ya sauya waya ko aka yi wa kwamfutarsa wankin ciki, ya ƙera sabon makulli, amma abokan hulɗarsa suna nan da tsohon. Yakan faru idan makullin yana kwamfutar ofis, mutum kuma yana ƙoƙarin karanta saƙon a waya. Gyaran shi ne a duba lambar makullin da aka rufe saƙon da shi, a gwada ta da wanda ke na'urar. In sun saɓa, ko dai a ɗauko tsohon makullin daga inda aka adana shi, ko a aika wa mai saƙon sabon makullin fili ya sake aikowa.

Akwai kuma wanda ke kasa karanta saƙon da shi da kansa ya aika. Ba lalacewa ba ce. Ya rufe da kwaɗon abokinsa kaɗai, bai haɗa da nasa ba. Yawancin manhajoji suna da wurin da za a ce a riƙa rufe kowane saƙo da makullan mutum biyun.

Abin da ba shi da magani shi ne ɓatan makullin sirri ko manta kalmar da ke buɗe shi. A nan babu wani ofishi da za a kira, babu saƙon tes da zai zo da sabuwar lamba kamar yadda aka saba a banki. Duk abin da aka rufe da wannan makullin ya tafi har abada. Shi ya sa ranar da aka ƙera makulli ita ce ranar da ya kamata a kwafe shi a filas, a ajiye a wurin da ake ajiye takardun gida da na gona. A ranar ce kuma ya kamata a adana takardar soke makulli, wadda za a wallafa idan an sace waya, don duniya ta san kada a sake amincewa da shi.

Idan manhaja ta ce sa hannun bai inganta ba

Wannan gargaɗin yana nufin abin da ya iso ba daidai yake da abin da aka sa wa hannu ba. Yana iya zama ɗan damfara ne ya taɓa saƙon. Sau da yawa kuma wata na'ura ce a tsakani ta yi shisshigi ba da mugun nufi ba. Sabar kamfanoni da dama tana liƙa dogon jawabin gargaɗi a ƙasan kowane saƙo bayan ya bar hannun mai shi. Manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta takan ƙara layi cewa ta duba saƙon. Wata sabar takan karya dogayen layuka ko ta share gurbin da ke ƙarshensu. Kowanne daga cikinsu ya isa ya karya hatimi.

Masu rubutu da Hausa suna da tasu ƙarin matsalar. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙin zane idan saƙo ya ratsa na'urar da ba ta san su ba. Harafi ɗaya ya sauya, sa hannu ya rushe. Maganin shi ne a saita manhaja a kan tsarin haruffa na UTF-8, a kuma zaɓi a riƙa aika sa hannun a matsayin maƙalallen fayil daban, wato tsarin PGP/MIME, maimakon a cusa shi a cikin rubutun.

Wannan maƙalallen fayil ɗin shi kansa yakan tsorata mutane. Wanda manhajarsa ba ta san sa hannu ba zai ga wani ɗan fayil mai suna smime.p7s ko signature.asc wanda ya ƙi buɗuwa, ya ɗauka cuta ce aka turo masa. Hatimin ne kawai, ba a yi shi don mutum ya karanta ba.

Amma ko da kana zargin na'ura ce ta yi ɓarnar, ƙa'idar ba ta sauyawa. Saƙon da sa hannunsa ya rushe a ɗauke shi kamar wanda ba a sa wa hannu ba. Idan maganar kuɗi ce a ciki, a dakata har sai an ji daga bakin mai shi.

Idan ta ce ya inganta amma ba a amince da shi ba

Wannan gargaɗin ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ya fi haɗari. Ma'anarsa hatimin ya dace da wani makulli, amma ba wanda ya tabbatar makullin na mutumin da ake zato ne. Kowa na iya ƙera makulli ya rubuta masa sunan shugaban bankinka da adireshinsa. A 2016 an gano makullan bogi da sunan Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, a rumbunan makullai na intanet, kuma gajeriyar lambarsu ta haruffa takwas ta yi daidai da ta makullinsa na gaskiya.

Abin dogaro shi ne cikakken zanen yatsan makulli, wanda a mafi yawan makullan PGP haruffa da lambobi 40 ne. Ana tantance shi ta wata hanya da ba imel ba: gaba da gaba, ko a kira mutum a lambar da aka daɗe da sani ya karanto shi. Wanda ya aiko maka da makulli da zanen yatsansa a imel ɗaya bai tabbatar maka da komai ba, ɓarawo ne ya kawo shaidarsa.

A tsarin S/MIME gargaɗin yakan fito idan wayar ba ta san hukumar da ta bayar da takardar shaidar ba, kamar idan kamfani ne ya buga wa ma'aikatansa da kansa. Yakan fito kuma idan adireshin da ke kan takardar ya saɓa da wanda aka aiko saƙon da shi.

Sai matsalar lokaci. Makullai da takardun shaida suna da ranar ƙarewa. Idan ta wuce, manhaja za ta ƙi rufe saƙo da su. A PGP mai makulli yana iya tsawaita wa'adin ya sake raba makullin fili, ba sai ya ƙera sabo ba. Kafin a zargi makulli ma, a fara duba agogon na'ura. Kwamfutar da ƙaramin batirinta ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara bayan an ɗauke wuta, sai ta ga duk takardun shaida kamar ba su fara aiki ba.

Abin da kwaɗon ba ya rufewa

Ya kamata a faɗi iyakar wannan fasaha ba tare da rufa-rufa ba. Kulle imel yana ɓoye abin da ke ciki ne, amma sunan mai aikawa da mai karɓa da lokacin aikawa suna nan a fili, galibi har da taken saƙon. Ga ɗan jaridar da ke kare majiyarsa, sanin cewa wane ya yi magana da wane kaɗai ya isa ya jefa mutum cikin matsala. Ko Proton Mail na Suwizalan, wanda ya shahara wajen sirri, a 2021 ya miƙa bayanan adireshin intanet na wani ɗan fafutuka a Faransa bisa umarnin hukumomin ƙasarsa, duk da cewa bai iya buɗe saƙonnin ba.

Haka nan alamar ɗan kwaɗo da ake gani a Gmail galibi tana nufin an kare saƙon ne a kan hanya tsakanin saba da saba. Ba ta nufin kamfanin da ke ajiye shi ba zai iya ganinsa ba.

Wasu manyan masana, irin su Matthew Green na jami'ar Johns Hopkins, sun daɗe suna cewa lokaci ya yi da za a yi ritaya da PGP. Suna da hujja. Idan aka sace makullin sirri yau, duk tsofaffin saƙonnin da aka rufe da shi za su buɗu. A Mayun 2018 masu bincike daga Jamus da Beljiyam sun bayyana wata kafa da suka kira EFAIL, wadda ta bari a yaudari wasu manhajojin imel su tura abin da suka buɗe ga mai kutse. An toshe kafar, amma darasin yana nan: a riƙa sabunta manhaja, a kuma hana ta ɗauko hotuna daga intanet da kanta.

Mun yarda da su a gefe ɗaya. Don hirar sirri tsakanin mutum biyu, Signal ya fi sauƙi da aminci. WhatsApp ma tun 2016 yake kulle saƙonni da wannan fasaha ta makulli biyu, ba tare da mai waya ya taɓa ganin makulli ba. Lambobi 60 ɗin nan da ke cikin bayanan kowace hira su ne zanen yatsan, sanarwar da ke cewa lambar tsaron wane ta sauya kuma ita ce gargaɗin sauyin makulli.

Sai dai kwangila da takardar neman biya da umarnin banki da wasiƙar ɗaukar aiki har yanzu ta imel suke yawo, kuma ba su da alamar barinsa. A wannan fagen buƙatar tabbatar da mai aikawa ta fi ta ɓoye saƙo gaggawa.

Abin da muke kira a yi

Na farko, hukumomin gwamnati su daina gudanar da aikin hukuma da adireshin Gmail da Yahoo. Ba sabon abu ba ne a ga takarda mai tambarin ma'aikata da irin wannan adireshi a ƙasanta. Muddin haka na faruwa, talaka ba shi da hanyar bambance wasiƙar ɗaukar aiki ta gaskiya da ta ɗan damfara. Adireshin da ke ƙarewa da .gov.ng yana nan, kuma hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ita ke da alhakin kafa ƙa'idoji a wannan fanni. Ta tilasta amfani da shi.

Na biyu, duk hukuma ko kamfanin da ke da adireshinsa na kansa ya kunna matakan SPF da DKIM da DMARC. Waɗannan hatimi ne na gida gaba ɗaya, wanda saba ke bugawa ba tare da ma'aikaci ya yi komai ba, kuma suna hana wani ya aika saƙo da sunan gidan. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙonni da yawa. Aikin kwana ɗaya ne ga ma'aikacin da ya san abin da yake yi.

Amma kada a tsaya nan. Hatimin gida ba ya kama wanda ya riga ya shiga gidan. A damfarar Unatrac saƙonnin daga akwatin gaskiya suka fito, don haka duk wani binciken saba zai wanke su. Ba ya kuma kama wanda ya yi rajistar adireshi mai kama da naka ya sauya harafi ɗaya. Shi ya sa, na uku, muke kira ga bankuna da kamfanoni su wajabta sa hannun mutum ɗaya ɗaya a kan duk umarnin fitar da kuɗi, makullin kuma ya zauna a cikin kati ko 'yar na'ura irin YubiKey da ke hannun jami'in. Idan aka ajiye makullin a cikin asusun imel ɗin kansa, wanda ya saci kalmar sirri ya saci hatimin ma.

Na huɗu, doka ta riga ta share hanya. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da sa hannu na lantarki, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta hukunta ƙirƙirar na bogi, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin kare su. Asibitin da ke aika sakamakon gwajin mara lafiya a buɗe, da ofishin lauyan da ke aika takardun shari'a haka nan, su sani suna da amsar da za su bayar idan bayanan suka fita. Gidajen jarida ma su wallafa makullansu na fili da zanen yatsansu, su kuma tabbatar akwai wanda ya iya buɗe abin da aka aiko.

Na biyar, a koyar da ma'aikata da harshen da suke ji. Ma'aikacin da bai san bambancin sa hannun da ya rushe da wanda ba a tantance ba zai saba da danna "ci gaba" a kan kowane gargaɗi, daga nan kuma duk kuɗin da aka kashe a kan tsaro ya tafi a banza. Kowace ma'aikata ta sa mutum ɗaya da aka sani wanda ke lura da ranar ƙarewar makullai, da adana kwafinsu, da soke na wanda ya bar aiki.

Ga mai karatu da ke sana'arsa da waya a hannu, ko ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Guangzhou ko Dubai, akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta buƙatar kowace manhaja. Duk imel ɗin da ya ce an sauya lambar asusun da za ka biya, ko ya ce ka gaggauta kada ka sanar da kowa, ka ajiye shi ka kira mutumin a lambar da ka daɗe da sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kiran minti biyu ne. Kuɗin da suka riga suka tsallaka ƙasa kuwa, da wuya su dawo.